Yadda muka shirya tafiyar kwana shida a kan mashin ta cikin tsaunukan Alps

Tsarin farko da na rubuta kwana uku ne kacal. Na buɗe taswira a waya, na ɗiga wuraren da na daɗe ina mafarkin hawa, Timmelsjoch da Stelvio da Gavia da duwatsun Dolomites da Grossglockner, layi ya zagayo daga Innsbruck ta ƙasar Ostiriya ya shiga Italiya ya dawo, jimilla wajen kilomita 900. Na ce ai shikenan, 300 kullum, ni da nake yin 500 a rana ɗaya kan shimfiɗaɗɗen titi ko a jikina. Na tura wa ƙanena ya ce yai masa, na tura wa Kawu kuma, shi ne babba a cikinmu, ya fi shekara talatin yana kan babban mashin, sai kawai ya kira ni maimakon ya turo amsa.

Ya ce, "Ɗana, wannan tafiyar da ka rubuta hanya za mu je gani ko saƙo za mu kai?" Na ce Kawu ai wayar ta nuna awa shida-shida ne. Ya ce in je in sake lissafi amma wannan karon in ajiye kilomita gefe, in ƙirga awa, kuma in ɗauka a cikin dutse ba za mu wuce kilomita 40 zuwa 45 a awa ba in an haɗa da tsaye-tsaye. Da na yi lissafin da kaina sai na ga 300 ɗin nan ta koma awa bakwai da wani abu a kan sirdi, ban da shan mai, ban da hoto, ban da tsayawa a saka riga a cire riga, ban da jiran wanda ya tsaya a baya. Wato mu fita da sassafe mu shiga masauki da duhu, kwana uku a jere, kuma lanƙwasa mafi wuya su same mu lokacin da hannu ya riga ya mutu. Daga ranar na bar tsara tafiya da nisan hanya, kuma gaskiya duk sauran shirin a kan wannan gyaran ya hau.

Muka mai da shi kwana shida. Amma kafin raba kwanakin akwai maganar wane wata, wadda ita ma na kusa yin kuskure a kanta. Ni da farkon Mayu na so, saboda lokacin ne nake da hutu mai sauƙin samu. To ashe manyan mashigan tsaunin nan, wato inda hanya take haurawa can ƙoli ta ƙetare zuwa wancan kwarin, rufe suke duk lokacin sanyi saboda dusar ƙanƙara, kuma ba rana ɗaya ake buɗe su ba. Grossglockner kan buɗe tun wajen farkon Mayu, amma Stelvio da Gavia da Timmelsjoch yawanci sai ƙarshen Mayu ko an shiga Yuni, kuma babu wanda zai ba ka tabbacin rana tun da wuri, ya danganta da yawan ƙanƙarar da ta zuba a shekarar da yadda masu share hanya suka ci ƙarfinta. Agusta kuma Kawu ya ce kar ma mu fara, lokacin hutun mutanen Italiya ne musamman tsakiyar watan, hanya cike da motoci da bas-bas da irin motocin nan da ake kwana a ciki, ka biyo bayan ɗaya a hawa ka sha haƙuri. Sai muka tsaya a makon ƙarshe na Yuni, daga Litinin zuwa Asabar, don ranakun aiki sun fi sauƙin cunkoso. Wani abu da ban taɓa tunani ba sai da na shiga bincike: akwai ranakun da ake rufe wasu hanyoyin gaba ɗaya a bar wa masu keke, Stelvio tana da irin ranar wajen ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, zagayen Sella, wato hanyar da ta kewaye dutsen Sella a Dolomites, shi ma yana da nasa ranakun, ga kuma babbar gasar keke da ake yi can a farkon Yuli. Sai da na bi shafin kowace hanya ɗaya bayan ɗaya na tabbatar ranakunmu ba su yi karo da ko ɗaya ba. Timmelsjoch da Grossglockner kuma rufe su ake da dare, kuma ana biyan kuɗin hanya a kansu, to duk na rubuta a gefe.

Rabon kwanakin ya ɗauke ni kusan sati biyu ina gogewa ina sakewa. Abin da muka tsaya a kai: ranar farko Innsbruck ta kwarin Ötztal mu haura Timmelsjoch mu sauka Merano, wajen kilomita 160. Rana ta biyu Merano zuwa Bormio ta Stelvio, kilomita 100 da ɗan wani abu kawai, da gangan na bar ta gajera. Ta uku ita ce doguwa, Gavia da Tonale da Mendola sai Bolzano sai mu haura Val Gardena, kusan 200. Ta huɗu babu ƙaura, otal ɗaya kwana biyu, mu yi zagayen Sella ba kaya a mashin. Ta biyar Falzarego da Cortina da Lienz mu kwana Heiligenblut a gindin Grossglockner, ta shida mu haura shi da safe mu dawo ta Gerlos.

Ƙanena bai so rana ta huɗun nan ba ko kaɗan. Ya ce, "Yaya, zagayen nan fa kilomita hamsin da 'yan kai ne, za mu ɓata yini guda a kansa? Mu ƙara wani dutsen mana." Na kusa yarda da shi don ni ma idona ya rufe da son ƙari, akwai Giau nan kusa, akwai wasu da yawa. Kawu ne ya ce a bar ta a haka, ranar ba ta zagaye ba ce kawai, ajiya ce, in ruwa ya hana mu wata rana ko mashin ya ba da matsala ko jikin wani ya ƙi, nan za mu rama, in kuma komai ya tafi daidai sai mu ƙara Giau da rana. Shirin zaune ya fi na tsaye, in ji shi. Zan dawo kan wannan ranar don ita ta cece mu.

Maganar masauki ba ta da tsawo. Na kama ɗakuna tun da wuri, duk waɗanda za a iya sokewa ba asara, kuma kowanne sai da na tambaya ko akwai wurin ajiye mashin mai rufi da inda za mu shanya jiƙaƙƙun kaya. Na zaɓi kwana a ƙasan kwari kusa da hawan gobe, don mu riga jama'a shiga hanya.

Takardu ma haka, lasin da inshora da takardun mashin, na ɗau hotonsu na ajiye a waya na kuma yi kwafi na sa a wata jaka daban. A Ostiriya in za ka hau babban titi sai ka sayi izinin nan nasu da ake kira vignette, har mashin, sannan doka ce mai mashin ya riƙe akwatin agajin gaggawa. Akwai kuma wata doka da ta ba ni mamaki, tun 2020 a jihar Tirol an hana mashinan da ƙararsu a tsaye ta haura desibel 95 bin wasu hanyoyin dutse a lokacin zafi, irin su Hahntennjoch, kuma abin da aka rubuta a takardar mashin ake dubawa, ba wai ka ce ai zan tafi a hankali ba. Da na so mu fara da Hahntennjoch ɗin, da muka duba takardar mashin ƙanena muka ga ya haura, sai muka cire ta daga tsari tun a gida. Lambar gaggawa 112 ce a duk ƙasashen biyu, kowa ya sa a wayarsa, kuma kowa ya rubuta lambar wani na gida a takarda ya sa a aljihun jaket.

Sai mashinan kansu. Nan ne na fi daɗewa, kuma nan nake ganin mutane suka fi yin sakaci saboda mashin yana tashi lafiya sai a ɗauka komai lafiya. Sati uku kafin tafiya na kai nawa wajen makaniki, ba kwana biyu kafin ba, don in an canza wani abu in samu lokacin hawa in ji ko ya zauna. Tayar baya tana da sauran rai, a ido za ka ce za ta kai, doka a Ostiriya milimita 1.6 take nema na zurfin zanen taya kuma tawa ta ɗara haka, amma hanyar dutse da kaya a baya cin taya take kamar me, kuma gefen tayar ne yake aiki ba tsakiya kaɗai ba. Na canza ta, na yi mata wajen kilomita 200 kafin tafiya don santsin sabunta ya tafi. Baƙin mai, cen da sifoket, batir, fitilu, duk aka duba. Abin da ban yi niyyar taɓawa ba shi ne man birki, har makanikin ya tambaye ni yaushe rabon da a canza, na kasa tunawa. Ya yi min bayani na kuma je na karanta da kaina: man birki irin DOT 4 yana shan danshi a hankali, sabo sai zafi ya kai wajen digiri 230 kafin ya tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya tafasa tun wajen 155, kuma in ya tafasa a cikin bututu sai ka matsa birki ka ji hannu ya tafi fayau ba abin da ya kama. Ka yi tunanin wannan a gangaren kilomita ashirin. Shi ya sa ake cewa a canza duk shekara biyu. Duka mu ukun muka canza, har da fad ɗin birkin gaba na Kawu.

Kaya kuwa sau uku ina ɗaurewa ina kwancewa. Karon farko na loda har jakar baya ta fi kaina tsawo, na fita gwaji sai na ji gaban mashin ya yi sauƙi yana rawa a lanƙwasa. Kawu ya zo ya zazzage komai a ƙasa, ya ce masu nauyi su koma ƙasan akwatunan gefe, dama da hagu su yi daidai, sama kuma sai marasa nauyi da abin da za a buƙata a hanya. Rabin tufafin suka koma gida. Abin da ya rage: kayan faci na tayar da ba ta da tub da ɗan famfo, man cen, 'yan sifanu da suka dace da notocin mashin ɗina ba duk akwatin ba, tef, igiyoyin roba, caja da fawa-bank, abin toshe kunne saboda ƙugin iska, rigar ruwa a can sama inda hannu zai kai ba sai an kwance kaya ba. Na ƙara iskar taya da taurin shokin baya yadda littafin mashin ya ce a yi in an ɗora kaya, abin da ban taɓa yi ba tun da na sayi mashin ɗin, kuma bambancin a fili yake.

Sanyi ne abin da lissafi ya nuna min amma jikina bai yarda ba sai da ya gani. A ƙa'ida duk mita 1000 da ka hau zafi yana raguwa da wajen digiri 6 da rabi. Merano tana ƙasa, mita ɗari uku da wani abu, Timmelsjoch kuma mita 2474, to ka ga tazarar ta kai digiri 14, ban da iskar da ke dukan ƙirjinka kana tafiya. Saboda haka muka yi shirin sutura hawa-hawa, ta ciki mai tsotse gumi, ta tsakiya mai ɗumi da za a iya cirewa, sai jaket mai kariya, safar hannu kala biyu, mai kauri da marar kauri, da gilashin hular kwano mai haske saboda duhun ramukan da hanya take bi ta cikin dutse. Ranar farko ma muka ga amfaninsu, a Sölden muna jin daɗin rana, muna wuce tolget ɗin Hochgurgl inda wani gidan tarihin mashina yake, wanda gobara ta cinye a Janairun 2021 aka sake gina shi, sai ga ƙanƙara jibge a gefen titi ta fi mutum tsawo a wasu wuraren, a ƙarshen Yuni fa. Yatsuna sai da suka ƙage kafin in tsaya in canza safa. Awa ɗaya da rabi bayan nan muna Merano muna cire komai saboda zafi.

Hanyar da na zana na mai da ita fayil ɗin GPX, wato irin wanda manhajar taswira take karanta hanya daga cikinsa, na tura wa kowa, kuma kowa ya sauke taswirar yankin a wayarsa don ta yi aiki ko ba sabis. Nan ma akwai darasi, in ka sa wa manhajar farko da ƙarshe kawai to ita hanya mafi sauri take nema, sai ta bi da kai babban titi ko ramin da ya huda dutsen ta ƙasa, ka wuce abin da ka zo gani ba ka sani ba. Sai da na dinga ɗiga mata alama a kan kowane mashigi da kuma bayan kowace mararraba. Duk da haka na sayi taswirar takarda, na kuma rubuta sunayen garuruwan kowace rana a jere a ɗan kati na manna a kan tanki. Gidajen mai na yi musu alama su ma, ƙa'idarmu ita ce a cika tanki a ƙasan kwari kafin kowane hawa ko da rabi ne ya rage, kuma da tankin ƙanena muke lissafi don nasa ne ƙarami. A sama babu mai, a ƙananan ƙauyuka kuma wasu gidajen man na'ura ce kawai ba mutum, saboda haka kowa ya riƙe kati da kuma tsabar kuɗi.

Daren da za mu tashi muka zauna muka yi yarjejeniya, kuma ina ganin wannan zaman ya fi duk wani abu da na saya amfani. Kawu a gaba, ƙanena a tsakiya don shi ne sabon hannu, ni a baya da kayan gyara. A hawa kowa ya yi tafiyarsa, ba wanda zai bi saurin wani, a haɗu a ƙoli. In an zo mararraba na gaba ya jira har ya ga na bayansa. Ba mai wuce wani a cikinmu a lanƙwasa. Duk wanda ya ce ya gaji an tsaya kenan, ba tambaya ba tsokana. Kuma ƙarfe huɗu na yamma ta same mu mun sauko daga sama, saboda a lokacin zafi hadarin tsaunuka da rana yake haɗuwa, safiya garau, bayan azahar sai ka ga gajimare ya taso ta bayan dutse.

Stelvio ita ce dalilin tafiyar gaba ɗaya a wajena. Mita 2757, an gina ta tsakanin 1820 da 1825 zamanin daular Ostiriya, injiniya Carlo Donegani ne ya zana ta, don keken doki aka yi ta ba don mu ba, shi ya sa lanƙwasanta suke a matse haka. Daga Prato hawan kusan kilomita 24 ne kuma kana haura wajen mita 1800, lanƙwasa 48 kowace da lambarta a jiki, ana ƙirgawa daga 48 a ƙasa har zuwa 1 a sama. Kafin tafiya mun yi sati biyu muna zuwa wani fili da yamma da kaya a kan mashin muna koyon juyawa a matse, giya ɗaya ko biyu, totur a riƙe daidai, kulochi rabi, ƙafa tana ɗan taɓa birkin baya, kai kuma a juye ana kallon inda za a fita ba bangon da ke gaba ba. Ƙanena yana ganin abin kamar wasan yara, amma ya yi.

Mun baro Merano da wuri, ƙarfe takwas da 'yan mintuna muna Prato. Cikin dajin farko lafiya lau, bayan Trafoi ne abin ya fara tsanani, lanƙwasan hannun dama su ne masu wuya tunda a dama ake tuƙi, kai ne a ciki inda ya fi tsayi ya fi matsi, dole ka buɗe ka duba sama ko wani abu na saukowa kafin ka shiga. Ga shi inji ma yana jin tsayin, iska ta yi ƙaranci, ƙarfinsa yana raguwa kusan kashi goma cikin ɗari a duk mita 1000, to giyar da take ja a ƙasa sai ka ji tana nishi a sama. A ɗaya daga cikin na saman nan wata mota ta sauko ta ci rabin hannunmu, ƙanena ya tsorata ya damƙe birkin gaba mashin na kwance a lanƙwasa, ya kai ƙafa ƙasa ta ɓangaren gangare ƙafar ba ta samu ƙasa ba, sai gashi a kwance. Tafiyar ba ta fi ta mai tafiya a ƙafa ba, bai ji ciwo ba Alhamdulillahi, hannun birki ne ya ɗan lanƙwashe da madubi. Amma zuciyata sai da ta tsinke don a idona aka yi. Na samu wuri mai faɗi a gaba na ajiye nawa na dawo da gudu, wasu masu mashin biyu da ba mu san su ba suka tsaya, ɗaya ya tare hanya ɗaya ya kama muka ɗaga. Muka zauna a kan katangar gefen hanya kusan rabin awa har hannunsa ya daina rawa. Ya ce, "Yaya, ko in juya?" Na ce juyawa a nan ta fi ƙarasawa wuya, saura kaɗan, ka bi bayana a hankali ka kalli inda nake kallo. Da a tsarin kwana uku muke, da wannan rabin awar ba mu da ita, da na matsa masa mu tafi, kuma ban san me zai biyo baya ba. Da muka iso sama Kawu bai ce komai kan faɗuwar ba, ya dafa kafaɗarsa kawai, ya juya shi ya nuna masa hanyar da ya hawo tana nannaɗe a jikin dutse har ƙasa. Mun fi awa a wajen ba wanda ya duba agogo.

Saukowa Bormio kuma nan maganar man birki ta dawo min. Giya biyu, wani lokacin uku, inji ne yake riƙe mashin, birki sai dab da lanƙwasa a matsa sosai a saki, ba a ɗora hannu a kai ana ja tun daga sama ba. Duk da haka da muka tsaya a ƙasa faifan birkin yana huci. Akwai 'yan ramuka matsattsu a wannan gefen masu duhu da danshi, daga hasken rana ka faɗa ciki ido bai gama sabawa ba, sai an rage gudu tun a waje. A Bormio muka samu wani gareji aka miƙe hannun birkin, da yake ranar gajera ce har muka huta.

Gavia washegari ta fi Stelvio ba ni tsoro ma, ta haura mita 2600, gefen Ponte di Legno a wasu wuraren faɗin mota ɗaya ne kuma ba ko'ina ke da shinge ba, amma ba cunkoso, shiru, ga tafki a sama da ƙanƙara a bakinsa. Ranar ce doguwa kuma a nan tsarina ya gaza, na ɗauka daga Tonale zuwa Bolzano za mu yi sauri, sai aikin hanya da manyan motoci suka riƙe mu, muka iso Bolzano cikin zafi a gajiye, hadari kuma ya riga ya haɗu ta gabas inda za mu. Mun karya dokar ƙarfe huɗu da kanmu saboda ɗaki na jiranmu a Val Gardena, ruwa ya kama mu a hawan ƙarshe, har da 'yan ƙanƙara suna buga hular kwano, muka shiga otal a jiƙe sharkaf wajen ƙarfe bakwai. In zan sake, a Bolzano ko kafin ta zan yanke ranar.

Da safe ruwa bai tsaya ba, hazo ya rufe duwatsun ko gindinsu ba a gani. Da a ce ranar ƙaura ce da dole mu ɗaura kaya mu shiga cikinsa. Sai muka yi zamanmu, takalma da safar hannu suna bushewa, na shafa wa cen mai, na duba iskar tayoyi da notoci, ƙanena ya yi barci har azahar. Wajen ƙarfe biyu gari ya washe, titi ya fara bushewa, muka fita ba kaya, mashin ya koma kamar keke don sauƙi. Gardena, Campolongo mai mita 1875, Pordoi mai 2239, sai Sella, duwatsun nan farare tsaye kamar an yanka da wuƙa, wankakku, ragowar gajimare yana ratsa tsakaninsu, ba mamaki UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2009. Giau dai ba mu je ba. A hawan Pordoi daga Arabba na lura ƙanena ya daina kallon gaban tayarsa, kansa yana juyawa tun kafin lanƙwasa, yana fita sumul, da muka tsaya ya ce shi fa yanzu ne ya fara jin daɗin tafiyar.

Kwana biyun ƙarshe sun tafi yadda aka rubuta. Grossglockner daban take da na Italiya, faffaɗa ce mai kyan kwalta, kilomita 48 da lanƙwasa 36, an gina ta daga 1930 zuwa 1935. Da yake a Heiligenblut muka kwana muna cikin na farko da suka shiga, muka fara ratsewa zuwa Kaiser-Franz-Josefs-Höhe inda ake hango ƙololuwar dutsen mai mita 3798, mafi tsawo a Ostiriya, da daskararriyar ƙanƙarar Pasterze a ƙasansa, sannan muka dawo muka bi ramin Hochtor a mita 2504, muka haura 'yar hanyar duwatsun daɓe zuwa Edelweissspitze, mita 2571. A can Kawu ya karɓi katin da na manna a tanki, wanda ruwan Val Gardena ya riga ya wanke rabin rubutunsa, ya juya bayansa ya ciro biro ya ce in faɗo masa sunan wancan dutsen da ba mu samu zuwa ba. Na ce Giau. Ya rubuta, ƙanena ya ce a ƙara Hahntennjoch in ya canza mashin, ya rubuta ita ma, ya miƙo min ya ce in fara duba ranakun da ake buɗe su baɗi, sannan muka sa safar hannu masu kauri muka kama gangaren Fusch.